Tambayi Injiniya: Tsibin Ɓuntu da Injin da Ba a Saya Ba Tukuna

Wasiƙu uku na ɗauko a wannan watan. Daga garuruwa daban-daban suka zo, amma damuwarsu ɗaya ce: abin da sana'a ke zubarwa, da yadda za a mayar da shi cikin sana'ar. Ta farkon ta fi cin wuri, domin ta taɓo inda yake mini ciwo.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da injin casar shinkafa a yankin Kura, shekara goma sha ɗaya ke nan. In kaka ta yi, muna casar kamar tan 10 na shanshera a wuni. Ɓuntu ya zame mana ƙarfen ƙafa. Ya taru a bayan injin har ya fi katanga tsawo. In mun cinna masa wuta maƙwabta su kai ƙara wurin mai unguwa, in mun bar shi damina ta jiƙa shi ya dinga wari. Ga itacen da muke turara shinkafa da shi kullum ƙara tsada yake. Ɗana ya gama jami'a ya dawo, ba shi da magana sai ta wani abu wai shi tattalin arziki mai zagayowa. Ya samo hoton wani inji mai cura ɓuntu ya zama kamar itace, yana so mu saya, mu buɗe sabon sashe, shi ya riƙe. Kuɗin ba kaɗan ba ne. Ban ƙi ba, amma gabana yana faɗuwa. Shin abin nan gaskiya ne ko surutun 'yan boko ne? In gaskiya ne, ta ina ake kama shi?
Daga wani Alhaji mai injin casa, Kura, Jihar Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Gaskiya ne. Yaronka ya ga kuɗi a cikin tsibin nan, kuma akwai su. Faɗuwar gabanka ita ma tana kan hanya. Shawarata ita ce kada ka sayi injin a bana, kada kuma ka kashe wa yaron gwiwa. Ka ba shi aiki guda ɗaya mai wa'adi, mai ranar farawa da ranar rufewa, da kuɗin da ko sun narke gaba ɗaya ba za su hana ka barci ba.

Abin da 'yan bokon ke nufi ba shi da wuya. Yadda aka saba a masana'antu shi ne a ɗauko kaya, a sarrafa, a sayar, a zubar da saura. Su kuwa cewa suke a tsara sana'a yadda sauran zai sake shiga aiki, ko a wurinka ko a wurin wani. Maganar ta yi ƙarfi a duniya bayan wata Baturiyar Ingila mai tuƙin jirgin ruwa, Ellen MacArthur, ta kafa gidauniya a kanta a 2010. Amma kai mutumin Kura ne, garin da aka san shi da rini tun kafin a san shi da shinkafa, don haka ka san katsi. Dattin da ke kwantawa a gindin marina, a kwashe shi, a ƙona, a haɗa da gashin awaki da majema suka kankare daga fata, a zuba ruwan dafara, sai ga laso, wanda da shi ake shafe rijiyar marinar kanta da soraye don ruwa ya kasa shiga. Sharar sana'a biyu ta zama kayan aikin ta uku. Haka jakai ke fita daga birnin Kano da taki da toka zuwa gonakin karkara, su dawo da itace da kara.

To me ya sa mu jikokinsu muke tsaye gaban tsibin ɓuntu mun rasa yadda za mu yi? Domin marini da majemi da magini sun san kayan juna. Magini ya san katsin da ya ƙonu daidai da wanda bai ƙonu ba, ya san a wane wata ake samunsa, ya san nawa zai biya. Wannan sanin shi ne jarin. Shi ne kuma abin da ba ya zuwa a cikin kwantena tare da inji.

Na san haka ne da hannuna. Shekarun baya ina kula da injuna a wata masana'antar shinkafa da ba zan kama sunanta ba, kuma ni na tsaya kai da fata sai an sayi irin injin da ɗanka ya nuna maka. An saya. A cikinsa akwai wani ƙarfe mai murɗe da ke tura ɓuntu cikin bututu mai zafi. Ɓuntun shinkafa cike yake da sinadarin yashi da ake kira silika, shi ya sa yake ƙaiƙayi in ya shiga riga, kuma shi ke cin ƙarfe kamar zarto. Cikin 'yan kwanaki ƙarfen ya cinye. Mai waldarmu bai san irin sandar walda mai tauri da ake ɗora masa ba, ni ma a lokacin ban sani ba. Da damina ta sauka, ɓuntun ya sha danshi, curin ya riƙa fashewa yana fitowa da ƙara kamar bindiga, yaran suka tsorata da injin. Injin yana shan wuta sosai, a kan janareta muke, kuɗin gas ya haɗiye ribar da muka lissafa a takarda. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na ƙarshe. Da muka samu muka cura 'yan buhuna muka kai gidajen burodi, sun gwada sau ɗaya, toka ta cika musu tanda, suka koma kan itacensu. Ba mu tambaye su ba kafin mu sayi injin. An lulluɓe shi da tamfol a kusurwa, mai masana'antar bai sake yarda a yi masa maganar ɓuntu ba har na bar wurin. Cinikin biri a sama muka yi, kuma duk tambayoyin da suka kayar da mu ana iya amsa su da kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na kuɗin injin ba.

Akwai wani gari a ƙasar Denmak mai suna Kalundborg, kimanin kilomita 100 yamma da babban birnin ƙasar. Duk wanda ya karanta wannan fanni ya ji sunansa, ina jin ɗanka ma ya ji. Masana'antun garin suna sayar wa juna abin da da can zubarwa suke. Abin da ba a cika gaya wa ɗalibai ba shi ne babu wanda ya zauna ya zana tsarin tun farko. A 1961 aka ja bututun ruwa daga tafkin Tissø zuwa matatar mai, don kada a ƙarar da ruwan ƙarƙashin ƙasa. A 1972 kamfanin Gyproc mai yin allunan silin da bango ya ja bututu ya fara sayen iskar gas ɗin da matatar ke ƙonawa a banza. A 1976 kamfanin magunguna na Novo ya fara ba manoma laka mai taki da ke fitowa daga tukwanensa. A 1981 tashar lantarki ta Asnæs ta fara ɗumama gidajen garin da zafin da take asara, a 1982 ta fara sayar wa matatar da kamfanin magungunan tururi. A 1993 ta sa na'urar tace farar wuta daga hayaƙinta, abin da ke fitowa daga tacewar kuwa shi ne farin ma'adinin da Gyproc ke shigowa da shi daga waje, sai ya koma saye a maƙwabta. Ka duba tazarar shekarun, Alhaji. Kowane bututu aiki ne mai zaman kansa, tsakanin kamfani biyu, da lissafinsa da yarjejeniyarsa. Wasu sun ɗore, wasu an rufe su da suka daina biya. Sai a ƙarshen shekarun 1980 mutanen garin suka lura cewa abin ya zama tsari har aka raɗa masa suna. Injiniyoyin da suka ja bututu na farko sun koyi yadda ake auna abin da ke fita, yadda ake rubuta yarjejeniya a kan kayan da ba su da farashi a kasuwa, da wanda za a kira in abu ya tsaya da tsakar dare. Shi ya sa na biyu ya fi na farko sauƙi, na biyar ya fi na biyu.

Yanzu mu dawo bayan injinka. Ɓuntu kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na nauyin shanshera. Tan 10 a wuni na nufin kamar tan 2 na ɓuntu kullum. Kilo ɗaya nasa yana ba da zafin da bai kai na busasshen itace ba, amma bai yi nisa da shi ba. Matsalarsa biyu. Ba shi da nauyi, in ka cika tifa da shi rabin abin da ka ɗauko iska ce, saboda haka kai shi nesa asara ne. Sannan in ya ƙone yana barin toka kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, ita ce ke toshe murhu ta kashe wuta. Wannan lissafin kaɗai ya nuna maka wanda ya fi dacewa ya fara sayen ɓuntunka: kai kanka. Kana sayen itace, kana da makamashi a taku ashirin daga tukunyarka. Manyan masana'antun shinkafa da ɓuntunsu suke hura tukunyar tururi, ba sabon abu ba ne.

Don haka aikin farko shi ne a mayar da tukunya ɗaya tak daga itace zuwa ɓuntu, cikin kwana 90. Sauran tukwanen a bar su yadda suke, kada casa ta tsaya. Makonni biyu na farko ba a gina komai. Sikeli kawai da littafi: itace kilo nawa ke turara buhu ɗaya, naira nawa, awa nawa. Yawancin masu injin da na sani ba su da wannan lissafin, sun san dai abin da suke ba mai itace a mako. In ba ka san inda ka taso ba, bayan wata uku gardama za ku yi kai da ɗanka, shi ya ce an samu sauƙi, kai ka ce ba ka gani ba. Daga nan a kira mai walda da magini su yi murhu mai ragar ƙarfe a karkace, hawa-hawa kamar matattakala, yadda ɓuntu zai riƙa gangarowa kaɗan-kaɗan iska na shiga ta ƙasa, da dogon bututun hayaƙi mai jan iskar, da ramin kwashe toka. Na farkon da za su gina ba zai yi daidai ba. Ka sa wannan a lissafi tun yanzu, ka ware kuɗin rushewa a sake sau biyu.

Inda nake so ka fi sa ido shi ne mutanen da za ka haɗa. Ɗanka ya riƙe littafi da jagoranci, amma kada ka bar shi shi kaɗai da kwamfutarsa. Ka haɗa shi da wanda ya fi daɗewa a bakin wuta, mace ce ko namiji, wanda da ganin tururi ya san shinkafa ta yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In wutar ɓuntu ta fi ta itace sanyi ko ta fi ta zafi, shi zai fara ganewa, kuma in bai yarda da murhun ba, ranar da ɗanka ya yi tafiya itace zai koma. Ka sa akawunka a ciki, ka sa mai waldar. Mutum huɗu sun isa. A kullum waɗannan mutanen gaisuwa ce kawai ke haɗa su, kowa yana sashensa, kuma shara tana zama shara ne daidai a tsakanin sassa, inda ba aikin kowa ba ne. Aiki mai wa'adi shi ke tilasta musu zama a tabarma ɗaya. Duk Alhamis bayan la'asar su zauna minti talatin, kai ma ka zauna, ka yi tambaya ka saurara. In ba ka zuwa, ma'aikata za su ɗauka wasan ɗan mai gida ne.

Ka tsara wa'adin ya ratsa ƙarshen rani ya shiga damina, domin ɓuntun Afrilu da na Agusta ba abu ɗaya ba ne a cikin murhu. Za ku gane ko sai an yi rumfa. Kuma don Allah a saya wa masu kwashe toka takunkumi mai kyau, a riƙa yayyafa mata ruwa kafin a kwasa. Ƙurar tokar ɓuntu tana illa ga huhu, kuma tsibin toka yakan riƙe wuta a cikinsa kwana da kwanaki alhali samansa ya huce. Yaran unguwa suna wasa a irin wuraren nan ba takalmi.

Ranar kwana na 90 a rufe, ko an gama ko ba a gama ba. Wannan ranar ita ce ta bambanta abin da nake faɗa da sabon sashen da ɗanka ke so. Sashe ba ya ƙarewa, in ya gaza sai ya yi ta jan ƙafa yana cin albashi, kowa yana jin kunyar cewa a rufe. Aiki mai wa'adi kuwa dole a zauna a ce: ga abin da muka kashe, ga abin da muka gani, a ci gaba, ko a gyara, ko a bari. In an ce a bari, ka yi asarar kuɗin bulo da ƙarfe, amma kana da mutum huɗu da suka iya awo, suka san halin ɓuntu, suka saba gaya wa juna gaskiya. In an ce a ci gaba, to a ranar za a cire murhun daga hannun ɗanka a miƙa wa masu aikin kullum: wane ke ɗebo ɓuntu, wane ke kwashe toka, nawa aka ƙara masa a kan wannan. A rubuta yadda ake hura shi a takarda ɗaya da Hausa, a liƙa a bango. Da yawa a nan suke faɗuwa. An yi gwaji ya yi kyau, an ɗauki hoto, amma ba a mayar da shi aikin wani ba, sai ya mutu a hankali.

Aiki na biyu zai fito da kansa daga na farko, kuma ina zaton dusa ce. Ba ka gaya mini irin injinka ba. In irin tsohon nan ne mai ƙarfe da ke ɓarewa da gogewa a zubi ɗaya, dusarka tana fita a gauraye da niƙaƙƙen ɓuntu, masu kiwo suna saye da arha saboda sun san rabinta ba abinci ba ce. Injin da ke ɓarewa da roba yana fitar da ɓuntu daban, dusa daban, kuma tsabtatacciyar dusa kaya ce da masu haɗa abincin kaji da na kifi ke nema, don tana da mai. Kana da wata riba da ba kowa ke da ita ba: dusar ɗanyar shinkafa tana saurin yin ɗaci cikin kwanaki, ta turararriya kuwa tana jimawa, saboda zafin turarawa yana kashe abin da ke lalata man. Wannan aikin zai koya wa mutanenka abin da na farko bai koya musu ba, wato ciniki da baƙo: yadda ake kai samfur, yadda ake alkawarin inganci a cika. Bayan shi ga masu kaji da ke shimfiɗa ɓuntu a ɗakin kaji, ga masu rainon tsirrai da ke son wanda aka babbaka, ga masu ƙona jan bulo. In bayan duk wannan har yanzu tsibin yana nan, kuma kun kai samfurin curin da kuka sayo daga wani wuri gidajen burodi biyar sun ce za su saya a kan farashi kaza, to a lokacin ne za a yi maganar inji. Kuma kafin a biya, ɗanka da mai waldar su je su kwana uku a inda irinsa ke aiki, su ga sau nawa ake cire ƙarfen nan.

Shi kuwa yaron, ka gaya masa daga bakina cewa ba rage masa matsayi aka yi ba. Wanda ya kai ƙaramin aiki ƙarshe a gaban ma'aikatan mahaifinsa, ya yi toka-toka tare da su, ba ya bukatar a rubuta masa manaja a ƙofa kafin su saurare shi.

TAMBAYA: Injiniya barka da aiki. Ina da ƙaramin kamfanin fiya wata. Duk inda na bi a unguwarmu sai na ga ledar da ke ɗauke da sunan kamfanina a cikin kwata, har kunya nake ji. Motocina biyu suna fita da ruwa su dawo fayau. Na yi tunanin in sa su riƙa dawo da ledar, amma direbobin sun ce ba su zo aikin bola ba. Yaya zan yi?
Daga wata Hajiya, Katsina.

AMSA: Hajiya, Allah ya saka da alheri da wannan kunyar, da kowa yana jin ta da kwatocinmu ba su toshe ba. Ki fara daga cikin gida. Ledar da injinki ke lalatawa wurin liƙi, da ƙarshen naɗi, da jakunkunan da suka fashe a sito, ita ce mafi daraja, domin ba ta taɓa ƙasa ba. Masu narka leda su mayar da ita ƙwaya, irin waɗanda ke Sharaɗa da Dakata a Kano, sun fi biyan tsabtatacciya busasshiya. Ki tara ta wata ɗaya, ki auna, ki kai da kanki ko ki aiki amintacce, ki ji abin da suke karɓa da abin da suke ƙi. Da ita ake yin baƙar leda da tiyo, ba a mayar da ita ledar ruwan sha.

Sannan ki gwada ta waje da mota ɗaya, hanya ɗaya, shaguna goma, wata biyu. Kowane shago ki ajiye masa buhu, in ya cika ki ba shi jakar ruwa kyauta ko ragi. Kafin ki sa farashin, ki ƙirga leda nawa ke cika kilo ɗaya, za ki yi mamakin yawanta, kuma wannan lissafin shi zai hana ki alkawarin da ba za ki iya cikawa ba. Direban kuwa yana da gaskiyarsa: kin ƙara masa aiki ba ki ƙara masa komai ba. Ki zaɓi mai sauƙin kai a cikinsu, ki sa masa kaso a kan kowane kilo, ki tambaye shi yadda za a raba buhunan da ruwan don kada datti ya taɓa kayan sha. In ɗayan ya ga abokinsa yana ƙirga kuɗi ranar Asabar, shi zai zo ya same ki.

Wani kamfanin darduma na Amurka, Interface, ya so ya riƙa samun zaren nailan daga tsofaffin komayen kamun kifi. A 2012 ya fara da gwaji a wasu 'yan ƙauyukan masunta a Filifins. Abin da ya ci musu lokaci shi ne yadda za a biya mutane masu yawa kuɗi kaɗan-kaɗan, sai suka bi ta ƙungiyoyin adashi na ƙauyukan, da yadda za a danne koma ta ƙanƙance a wurin da babu lantarki. Da suka iya, a 2015 suka kai tsarin tafkin Ossa a Kamaru. Ke ma abin da za ki koya ke nan a wata biyun: biya, da danna, da ɗauka. Kada kuma ki ɗauki 'yan jari-bola kishiyoyi. Sun riga ki sanin hanyar da farashin, ki nemi babbansu a unguwar ku yi magana. Hukumar tarayya mai sa ido kan dokokin muhalli, NESREA, ta daɗe tana tura kamfanoni su ɗauki alhakin kwashe mazubin kayansu, manyan kamfanonin lemo da abinci har sun kafa ƙungiyar tattara mazubai a sake sarrafa su mai suna FBRA a 2018 saboda haka. Ranar da maganar ta iso kan ƙananan kamfanoni, gara ta same ki da littafin awo a hannu.

TAMBAYA: Baba Injiniya, ina aiki a wani kamfanin matse man gyaɗa. Wata ƙungiya ta ba da tallafi muka yi wata shida muna gwada yin gawayi da ɓawon gyaɗa. Ya yi kyau, mata sun saya. Tallafi ya ƙare, Baturen ya tafi, an mayar da kowa sashensa, gangunan suna nan suna tsatsa. Littafin awon yana hannuna. Abin yana damuna.
Daga wani matashi, Maraɗi, Jamhuriyar Nijar.

AMSA: Ɗana, ka riƙe littafin nan da kyau, kuma ka yi masa kwafi yau. Abin da ya same ku na gani ba sau ɗaya ba: kuɗin na wani ne, tambayar ma ta wani ce, mai kamfanin bai taɓa sa ko dala tasa ba, don haka da aka tafi bai ji ya yi asarar komai ba.

Ka zauna da littafin ka sake lissafin kamar babu tallafi. Ka sa kuɗin garin rogo ko ƙaron da kuke haɗawa don gawayin ya kama, ka sa ladan masu cura shi da masu shanya, ka sa kuɗin gangar da wuta ke ci, ka raba a kan kilo. Ka je wurin matan da suka saya ka tambaye su nawa za su biya in babu ragi, ka kwatanta da abin da suke ba mai gawayin itace a wannan makon. In lissafin ya fita, ka rubuta shi a shafi ɗaya, ka nemi mai gida a lokacin da hankalinsa ke kwance, ka roƙi abu ƙarami: ganga biyu, mutum biyu daga cikin waɗanda kuka yi aikin tare, kwana 60, da kuɗin kamfani. Ka ce masa in ranar ta zo bai mayar da kuɗinsa ba, kai da kanka za ka ce a rufe. In kuwa lissafin bai fita ba, ka rubuta dalilin a ƙarshen littafin, ka duba ko ɓawon zai fi amfani a murhun da kuke soya gyaɗa, ka kai masa wannan maimakon wancan.

Ka aiko mini da lissafin kilo ɗaya ta adireshin mujallar, da farashin gawayi a kasuwar Maraɗi a ranar da ka rubuta. Zan duba shi layi-layi kafin ka shiga wurin mai gidan.